Goron Sallamar Lamba Sha Bakwai

Melbourne, Ostireliya
Alhamis, 3 ga Oktoba

Zuwa ga taubashiyata Sakinatu,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida Malam Kamaruddeen da yara da jikoki da duk mutanen Ɗorawar Liman. Yaya ƙafar taki? Kada ki ce mini ta warke, na san har yanzu kina jan ta zuwa gona kamar wadda aka aika. Mu nan lafiya lau, sai hawan jinin uwargida Ummu Salma. Likita ya hana ta gishiri, ita kuma ta hana kanta jin magana. Sanyi ya ja baya, itatuwa sun fara fure. Ku kuwa na san an gama da gero, ana kan gyaɗa.

Tun da kika ce ke tsohuwar malamar makaranta ce ba kya karɓar saƙon murya, ga shi na ɗauki biro kamar kullum. In na gama in ɗauki hotonta in turo.

Sakinatu, ɗan naki ya kunyata ni. Shekaranjiya ina hutun rana a tashar tiram, jirgin titin nan da nake tuƙawa, ina cin abinci, rediyo a kunne, sai na ji an ce lamba sha bakwai na kulob ɗin ƙwallonmu 'yan kore, wato shi, ya nemi kulob ya sake shi, wai yana so ya koma wani kulob a Perth. Perth fa, tafiyar awa huɗu a jirgin sama. Ban san yadda lomar ta wuce ba. A rediyo na ji, tare da kowa.

Bari in yi miki bayani don kada ki ce na bar ki a duhu. In an gama kakar wasa, ana ware kwana goma a watan nan, kulob-kulob su zauna su yi musayar 'yan wasa. Ka ba ni wannan in ba ka wancan, ko in bar maka wurina a layin zaɓen sababbin yara. Shi yana da sauran shekara guda a yarjejeniyarsa, don haka sai kulob ya yarda zai tafi. Za a buɗe ranar Litinin, a rufe Laraba sha shida ga wata da ƙarfe bakwai da rabi na yamma. In lokacin ya wuce ba a daidaita ba, ya zauna.

Gari ya ɗauka. Tun safe mutane ke buga waya gidan rediyo. Wani ƙato ya fashe da kuka ana jinsa. Wata mata ta ce sunansa ta sa wa kyanwarta, yanzu ba ta san da wane baki za ta kira ta ba. Wasu sun ce kwaɗayi ne, wasu sun ce butulci ne, wani ya ƙona rigar sha bakwai a cikin garwa ya ɗauki hoto. Duk wannan da sauƙi. Kin tuna tsohon Baturen nan da nake kira Sarkin Ihu, wanda kujerarsa ke jikin tawa a filin wasa shekara ashirin da biyu? Shi ya fara jan hannuna zuwa can lokacin da ban san kowa ba a garin nan, don kawai ya gan ni da hula mai kore da fari, launin kulob ɗinsa. Shi ne ke tsokanata wai duk filin ana ihun sunan yaron, ni kaɗai ke ihun lamba. Jiya ya hau tiram ɗina. Kullum a gaba yake tsayawa mu gaisa. Jiya ya wuce can baya ya zauna yana kallon taga.

Mutanen nan sun riƙe ni, kuma sun riƙe shi. Yana shekara sha takwas suka ɗauke shi, ƙashi da fata, suka ciyar da shi suka koya masa, yau shekara shida. Wallahi ina jin nauyin haɗa ido da su.

Ban tambaye shi ba. Kin san ni da shi. Uwarsa ta fara cewa yaran suna da dalilinsu, na ce kada ta ƙara. Ke kika girme ni da wata huɗu kuma ba kya bari in manta, to yau ga ranar girman. Me zan yi?

Ki gaishe da Malam da kyau.

Naki,
Ja'afaru

Ɗorawar Liman, Kunci
Asabar, 5 ga Oktoba

Ja'afaru mai jirgin titi,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta sau biyu, na farko don labari, na biyu don gyaran rubutu. Muna lafiya. Ƙafa da sauƙi, in ban da safiya. Gyaɗa ta yi bana alhamdu lillahi, musamman ta gonar bakin rafi, wake ne dai tsutsa ta taɓa. Malam yana amsawa. Ka gaishe mini da Ummu Salma, ka ce in ta sake taɓa gishiri ni da ita ne.

Ɗan naki, ɗan naki. Sunansa Najib. Ni gwaggonsa ce, bakina ba ya nauyi. Na san ɗan fari ne, na san ka riƙe al'ada, amma mutum ya haye teku nawa da kunyar ɗan fari a aljihu, ya manta da yadda ake tuƙa tuwo? Kai dai Allah ya shirye ka.

Labarin ya riga takardarka zuwa. Sabiru mai gidan kallo ne ya gani a wayarsa, kafin azahar ya kai bakin masallaci. Ka san tun da ka fara aiko rigunan nan kore marasa hannu rabin garin nan ya zama naku. Da su ake cirar gyaɗa yanzu haka, wai sun fi shan iska. Ba wanda ya gane wasan har yau, ƙwallo kamar gwanda, turaku huɗu, mutum ya taka kafaɗar ɗan'uwansa ya cafe kuma a tafa masa. Amma in aka ce Najib ya ci, har guɗa ake yi. Yanzu gari ya rabu biyu. Dattawa sun ce su kore suka sani, ba sa canza riga da tsufansu. Samari sun ce duk inda Najib ya sa ƙafa nan suke. Sabiru kuwa bara ya shafe ƙofar gidan kallonsa da koren fenti ya rubuta sha bakwai ƙatuwa, yana ta zagaye yana tambayar mutane wane launi ne na Perth.

Yanzu maganar da ka tambaya. Ka tuna Jamil ɗina ya yi shekara bakwai yana koyon walda a Bacirawa. Da maganar barinsa wurin ta taso, Malam bai bar shi ya tunkari ubangidansa shi kaɗai ba. Ya sa babbar riga, ya sayi goro mai kyau, ya hau mota tun da safe har Bacirawa. Yaro ba ya zuwa gaban wanda ya riƙe shi a kan irin wannan magana, uba ne ke zuwa. Haka muka taso muka gani. Kai ma uba ne, ko ka kira sunan ko ba ka kira ba. Ka sa rigarka, ka nemi goro, ka je ka ga manyansa.

Melbourne
Laraba, 9 ga Oktoba

Sakinatu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, kuma tsutsar ta bar muku abin miya. Takardarki ta iso ba sallamar ƙarshe ba sa hannu, na ce halin malaman makaranta ke nan, in sun gama ba da umarni sai su juya. To na bi umarni, kuma yau kam na yarda kin girme ni.

Goro ya ba ni wahala. Sai a shagon wata 'yar Gana na samu, na haɗa da dabino da turare. Ranar Litinin na ɗauki hutu, na sa shaddar nan ruwan toka da kuka aiko mini da Babbar Sallah, na kafa hula, na nufi ofishin kulob. Ranar aka buɗe musayar, 'yan jarida sun cika bakin ƙofa. Matar da ke karɓar baƙi ta san ni, ta kai ni wurin mai kula da harkar 'yan wasa. Sakinatu, da gajeren wando na same shi, kuma na haife shi. Amma yana da ladabi. Na ajiye faranti, ya ɗauki goro ɗaya ya gatsa, fuskarsa ta tattare wuri guda, duk da haka ya cinye.

Na ce masa, “Kun riƙe yaron nan da kyau. Yaro ne, a yi haƙuri, a ɗauka bai faɗa ba.”

Ya ce, “Shi ya aiko ka?”

Na ce, “A wurinmu ɗa ba ya aiken ubansa.”

Ya juya biro a hannu, sannan ya yi godiya ya rako ni. Ina fitowa 'yan jarida suka yo kaina. Wata ta miƙo abin magana ta ce ko gaskiya ne zai tafi. Na ce, “Ba inda za shi. Ni ne ubansa.” Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Kafin la'asar hotona ya zagaye garin. Jiya har an buga riguna da fuskata da hulata, an rubuta “Baba ya ce a'a” da harshensu. Da na shiga aiki fasinjoji suka yi ta tafi, sai da na roƙe su su zauna don in ja. A rediyo waɗanda suka zage shi makon jiya yanzu cewa suke gidan tarbiyya ya fito. Mai kyanwa ta sake bugowa ta ce sun shirya. 'Yar Gana ta kira ni tana dariya, wai goronta ya ƙare, Turawa sun yi layi suna tambayar abin nan mai ɗaci. Kulob kuma ya fitar da sanarwa cewa ba su da niyyar sakinsa.

Sarkin Ihu ya zo har tasha. Ya rungume ni yana hawaye, ya cire mayafin wuyansa na kulob, wanda matarsa ta saƙa masa kafin ta rasu, ya naɗa mini. Shekara arba'in yana wuyansa. Ban taɓa jin na zama ɗan garin nan ba kamar jiya.

Abu ɗaya dai. Duk Talata yakan zo shi da matarsa Asiya su ci tuwon shinkafa. Jiya ba su zo ba, ba su kuma kira ba. Ummu Salma ta jera kwanuka, ta zauna har tuwon ya huce, ta tashi ta sa a firji. Fushin yara ne, zai wuce.

Ki gaya wa Sabiru ya bar ƙofarsa yadda take.

Naki,
Ja'afaru

Kunci
Juma'a, 11 ga Oktoba

Ja'afaru,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gaisuwa a taƙaice yau, kowa lafiya, ba wanda ya rasu, amma ka zauna kafin ka karanta.

Kwana biyar ba mu da sabis a gari, an ce injin ƙarfen ne ya lalace. Yau na shigo Kunci a duba mini ƙafa, ina zaune a benci waya ta fara kuka. Na ga takardarka. Na koma sama don in ga me na rubuta da har ya kai ka ga wannan, sai na ga shafi na biyu yana nan bai tafi ba. Shafi biyu na rubuta maka, ɗaya ka samu. Kai kuma ka san ni shekara hamsin da bakwai, yaushe na taɓa rufe takarda ban tsokane ka ba? Ga abin da ke ciki, na kwafo maka:

“Amma ka san goron me za ka kai. Malam bai je Bacirawa don ya mayar da Jamil ba. Ya je ya yi godiya, ya nemi a sallame shi a sa masa albarka, don ya fita ta ƙofa ba ta katanga ba. Kuma kafin ya je sai da ya sa ƙaninsa ya zauna da yaron kwana biyu ya ji cikinsa. Kada ka taka ko'ina sai ka ji dalilin Najib.”

Ina da nawa laifin, da na fara da wannan. Na yi ta surutun Sabiru da fenti har takarda ta cika. Hoton naka ma ya iso nan, mutanen da suka je kasuwa sun dawo da shi a waya, dattawa suna ta murna wai Ja'afaru ya tsawatar. Malam ya kalla sau ɗaya ya ce, “Goron me ya kai?”

Daga bencin nan na kira Ummu Salma. Ta yi kuka, ta ce in faɗa maka tunda ita ka rufe mata baki. Ka san mahaifin Asiya ya rasu bara. Abin da ba ka sani ba, tun watan azumi mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki a Perth, kuma Asiya ce kaɗai 'yarta mace. Duk mako biyu tana hawa jirgi. Yanzu likita ya hana ta, saboda tana da ciki wata huɗu. Biyu sun zube kafin wannan, ba a gaya maka ba, don ba maganar da suruka ke yi da uban miji ba ce. Najib ya ƙi faɗa wa 'yan jarida, ya gwammace a kira shi maci amana da a sa cikin matarsa a rediyo. Ya so ya gaya maka. Sau uku yana zuwa da niyya, in ji uwarsa, sau uku kana tambayarsa lafiyar mota.

Ja'afaru, ba na ce kunya laifi ba ce. Babanka bai taɓa kiran sunan yayanka ba har ya koma ga Allah, kuma ba wanda ya ce ba ya sonsa. Amma a gidan nan akwai babana, akwai Inna, akwai kakanni biyu a zaure. Abin da ɗa ba zai iya faɗa wa uba ba, kafin magariba ya bi ta bakin wani ya isa. Kai ka ɗauki kunyar ka tafi da ita, ka bar masu kai maganar a nan. Yaron nan shekara ashirin da huɗu yana zaune da uban da ba ya kiransa, a garin da ba kawu ba gwaggo. Su wa ka bar masa? Mutum dubu arba'in masu ihu?

Raina ya ɓaci, da kai da ni kaina. Saura kwana biyar. Ka rubuto, ina Kunci gidan 'yata Juwairiyya har sai an gyara sabis.

Sakinatu

Melbourne
Lahadi, 13 ga Oktoba

Sakinatu,

Na gaishe ki. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa. Ki gode wa Juwairiyya.

Na karanta. Ban je aiki ba jiya. Na ba Ummu Salma haƙuri, ta ce ba ita ce mai karɓa ba.

Abin ya lalace fiye da yadda kike zato. Mutanen Perth sun kawo tayi sau biyu, kulob ɗinmu ya mayar. An ce da namu a shirye suke su karɓi na farkon, sai na je da farantina. Yanzu rediyo na cewa Perth sun fara duba wani yaro daban. Rigunan fuskata kuwa sai ƙaruwa suke. Da safe na ga wata tsohuwa da ita a bakin kanti, ta ɗaga mini hannu, na rasa inda zan sa kaina.

Bayan azahar na je gidansu. Asiya ce ta buɗe, ta durƙusa ta gaishe ni kamar ba abin da ya faru, ta kawo ruwa. Ta rame, Sakinatu. Ban lura ba sai yau. Shi kuma ya fito ya gaishe ni ya zauna a ƙasa, kansa a sunkuye. Na shirya magana tun daga gida, har na maimaita a mota. Na buɗe baki. Kin san abin da ya fito? Na ce tayar motarsa ta baya iska ta yi ƙasa. Ya ce zai duba. Muka zauna kamar minti goma, na yi sallama na fito. Ya rako ni har mota ya buɗe mini ƙofa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na yi tunanin in kira gidan rediyo in faɗi dalilin, duk garin zai yi shiru. Amma sirrin da ya sha zagi ya rufe, ni ne zan buɗe? Na riga na yi masa magana a baki sau ɗaya.

Ina tsoro. Ba tafiyar nake tsoro ba yanzu. Ina tsoron ya zauna saboda ni, wani abu ya sami yarinyar nan ko uwarta, ya ci gaba da buɗe mini ƙofar mota har in mutu.

Ja'afaru

Kunci
Litinin, 14 ga Oktoba

Ja'afaru,

Lafiya lau muke. Shafi ɗaya ne yau, na ƙirga, kuma ba zan tashi ba sai na ga ya tafi.

Kada ka taɓa sirrinsu, wannan ka yi daidai. Ba ka buƙatarsa. A gaban jama'a ka ɗaure yaron, a gaban jama'a za ka kwance shi. Rigar tana nan, hular tana nan. Ka koma inda ka je, da goro, ka nemi abin da ya kamata ka nema tun farko. In sun tambaye ka dalili ka ce ka ji shi kuma ya ishe ka. Uba in ya ce haka, ba a ƙara tambaya, ina jin ko a can.

Za su cire rigunan fuskarka. Wataƙila Sarkin Ihu ya koma bayan tiram. Na san abin da mutanen nan suke a wurinka, ban raina ba, su suka zame maka dangi lokacin da mu muke nesa. Amma ka auna da kanka.

Malam ya ce in gaya maka ubangidan Jamil sai da ya yi fushi wata uku, yanzu shi ke turo masa aiki. Ya ce kuma za a sa ku a addu'a bayan asuba har Laraba. Dattawan kore ma sun ce za su zauna, ko da yake ban gaya musu me ake roƙo ba.

Tayar mota. Kai Ja'afaru. Allah ya sa ka gyara, in samu bakin yi maka dariyar wannan har ƙarshen rayuwarka.

Taka,
Sakinatu

Melbourne
Alhamis, 17 ga Oktoba

Taubashiyata Sakinatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kin koma gida, an gyara sabis, gyaɗa ta bushe. Mu nan lafiya, jinin Ummu Salma ya sauka yau da safe ba tare da taimakon kowa ba.

'Yar Gana ta ɓoye goro biyar a ƙarƙashin teburinta, ta ba ni. Jiya da azahar na sa rigar na koma. Ranar rufewa ce, magoya baya sun fi ɗari uku a bakin ƙofa, kowa da waya a kunne, da yawansu sanye da fuskata. Suna ganina suka ɗauki tafi. Na ratsa su kaina a ƙasa.

Mai gajeren wando ya ga farantin ya ce shi dai a yafe masa ci. Na ce wancan goron kuskure ne, wannan na neman sallama ne. Na gode masa shekara shida, na ce a sake shi. Ya jingina da kujera ya ce, “Tayin Perth ba laifi. Amma ka leƙa taga. In na sake shi yau alhali suna yawo da hotonka, ni za su cinye.”

Sai na fita. Matar nan mai abin magana tana nan, ban jira ta tambaya ba. Na ce kwana tara da suka wuce na tsaya a nan na yi magana a kan abin da ban sani ba, saboda ban tambaya ba. Na ce yana da dalili, dalilin nasa ne ba nawa ba balle in raba musu, amma na ji shi, kuma da ni ne da tuni na tafi. Na ce ya karya haƙarƙari biyu da hanci a filinku bai taɓa ƙorafi ba, a garinmu in yaro ya yi wa ubangidansa haka albarka ake sa masa. Na ga ban gama ba, kuma ban san me ya rage ba. Sai na ji bakina ya ce, “Ku sallami Najib. Ɗana ne.”

Ban shirya shi ba, Sakinatu. Fitowa ya yi.

Ba a tafa ba. Wasu suka yi mini ihu, wani ya tuɓe rigar fuskata ya jefar a gabana, wata ta ce na yaudare su. Da yawa dai ƙasa suka yi ta kallo. Sarkin Ihu yana gaba. Na cire mayafin matarsa na miƙa masa. Ya karɓa, ya daɗe yana kallona, fuskarsa ja wur. Sannan ya sake naɗa mini shi, har ya shaƙe ni. Ya ce, “Shekara shida ina jin kana ihun lamba, na ɗauka mantuwa ke damunka.” Ya ce kujerata tana nan, amma in sani ranar da yaron ya zo da rigar wasu, shi zai fi kowa yi masa ihu. Na ce ya yi, haƙƙinsa ne. Bai yi dariya ba, ina jin zai kai wata ukun nan na Malam.

Na dawo gida. Rediyo ya rabu biyu, masu zagina da masu cewa a bar yaro ya tafi, har mai kyanwa ta bugo ta ce ita ta gaji, a sake shi. Bakwai ta yi ba labari. Na shiga alwalar magariba, ina wanke ƙafar hagu na ji Ummu Salma ta ƙwalla salati daga falo. Saura minti shida a rufe aka sa hannu. Ba na ce maganata ce ta yi ba, an ce Perth sun ƙara wani abu a tayin. Allah ne ya yi, da addu'ar dattawan da ba su san me suke roƙo ba.

Muna idar da salla aka ƙwanƙwasa. Su ne. Asiya ta wuce wurin uwarsa, shi ya tsaya a bakin ƙofa, ya cika ta da tsawo. Ya ce, “Baba, na gani.” Na ce to madalla, Allah ya sa alheri, Perth ɗin ma gari ne. Ya ce, “Ba wannan ba. Na ji ka faɗa.” Na rasa abin yi, sai na sake faɗar sunan, a hankali, shi kaɗai. Ya ce, “Na'am.” Daga nan sai Ummu Salma ta leƙo ta ce ko za mu tsaya a ƙofa ne har tuwo ya huce karo na biyu.

Ƙarshen wata za su tashi. Ni dai ɗan kore ne har gobe, ranar da za su haɗu ban san inda zan sa bakina ba. Ki ba Sabiru haƙuri, zan tambayo masa launin. Ki gode wa Malam. Maganar taya kuma na ba ki, ki yi ta yi.

Najib yana gaishe ki. Ga shi nan na rubuta, biro bai karye ba.

Naki,
Ja'afaru